Sunansa a Takarda

Shafi na 9

Assalamu alaikum matan wannan zaure. Na ga ƙorafinku, har da mai cewa da gangan nake ja muku rai. Baiwar Allah, tsohuwar da nake kula da ita a Sedgefield ba ta san da zaman wani labari ba, idan ta ce a juya ta sai an juya ta. Yanzu ta samu barci, ga ni.

Masu cewa shafi takwas cur ban faɗi sunan ɗan nawa ba, sai "yaron" sai "shi", na ji ku. Ɗan fari ne. Ku dai karanta na yau.

Mun tsaya a inda Salwa, ƙanwarsa, ta sauke ni a filin jirgin Greensboro, garin da muke zaune a Amurka. Saura sati uku a yi walimar gama karatun likitansa. Mahaifinsa, Alhaji Sanda, ya kama ɗakin taro a Gate City, an raba anko, an buga kati da "Dakta" a gaban sunan. Shi kuwa yaron ya ce kada kowa ya zo tsibirin Grenada, inda yake karatun, zai dawo da kansa. Ni na ce zan kai masa kaftaninsa ya gwada. Abin da na faɗa wa Alhaji ke nan.

*

Wajen ƙarfe biyu na rana jirgin ya fara sauka. Na leƙa taga, sai na ga ruwa mai wani irin launi, kamar an jiƙa shuɗi a farin bokiti. Can tsakiyarsa ga ƙasar nan 'yar mitsitsiya, koriya shar, duwatsu sun hau kan juna. Na ce a raina, yanzu a kan wannan ɗan abin ɗana ya yi shekara huɗu?

Ana buɗe ƙofa zafi ya rungume ni. Ni da na fito da rigar sanyi biyu saboda sanyin asubar Greensboro. Tun a matakala na fara cirewa, wani Bature a bayana yana jira.

Abin da ya fara ba ni mamaki, kowa baƙi ne. Mai shara baƙi, mai duba fasfo baƙa, mai ba su umarni ma baƙi. Shekara ashirin da tara ina Amurka, har na manta ana haka a duniya. Sai na ji kafaɗuna sun sauko da kansu.

Layi ya zo kaina. Matar ta karɓi fasfo, ta yi min Turancinsu mai kama da waƙa.

"Me ya kawo ki ƙasarmu?"

"Ziyara."

"Wurin wa?"

"Wurin ɗana."

"Sunansa?"

Na yi shiru.

Ta ɗago kai. "Madam, sunan ɗanki."

Wallahi sunan yana nan a bakina, ni na san shi tun ranar da aka raɗa masa. Amma shekara ashirin da bakwai harshena bai taɓa ɗaukarsa ba. Na buɗe jaka na zaro takardar da Salwa ta rubuta min, mai sunansa da adireshinsa, na tura mata ta ƙarƙashin gilashi.

Ta duba takardar, ta dube ni.

"Ba ki san sunan ɗanki ba?"

"Na sani."

"To ki faɗa mana."

"A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari."

"Saboda me? Ya yi laifi?"

"A'a. Kunya ce. Girmamawa ce."

Ta daɗe tana kallona. Ba da raini ba, da tausayi, kuma tausayin ya fi min ciwo. Ta buga hatimi ta miƙo min.

"To shi ya san haka?"

Na karɓi fasfona na wuce.

A wurin duba kaya aka gama da ni. Kwana biyu na yi ina haɗa dambun nama. Ni na je shagon halal na zaɓi naman, ni na dafa, ni na daka, ni na tsaya a kan tukunya har ƙafafuna suka kumbura. Tun yana yaro haka nake masa. Ba na ba shi a hannu, sai dai in ajiye a kan tebur in ce wa Salwa, "Ki ce wa wancan akwai abu a roba."

Ma'aikacin ya buɗe robar, ƙamshi ya tashi, har ya lumshe ido.

"Mama, nama ne?"

"Ai ya soyu. Ya bushe ƙarau."

"Nama ba ya shiga sai da takardar izini. Ki yi haƙuri."

Na roƙe shi da Turanci, na roƙe shi da Hausa, bawan Allah sai haƙuri yake ba ni. Ya bar min yaji da kuka da kaftani. Ina kallo aka ɗauke robar aka shige da ita wani ɗaki. Raina ya ɓaci sosai, ba don naman ba. Ban san da me zan gaishe shi ba yanzu.

A waje na samu mai tasi, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ce sunansa Malachy. Na zagaya na buɗe ƙofa zan shiga, sai ga sitiyari a gabana.

"Mama, ke za ki tuƙa mu?" Yana dariya har da riƙe ciki.

Ashe su a hagu suke tafiya. Na koma baya na zauna da mutuncina, na miƙa masa takardar.

Muna hawa titi wayata ta kama. Saƙon murya daga Hajiya Jimmai, maƙwabciyata 'yar Damagaram, uwar gayyar anko.

"Maman Salwa, bon, kin sauka lafiya? Tela ya gama namu, wallahi sai kin gani. Ki gaida muna da lokotoronmu, ki ce mishi hawan jinina na nan yana jiran shi!"

Na kife wayar a cinya.

Gidan yana kan tudu, fentin ruwan ɗorawa, bishiyar mangwaro ta rufe rabinsa. Wata tsohuwa tana shara da tsintsiyar kwakwa. Malachy ya nuna mata takardar. Tana karantawa ta saki tsintsiyar, ta kira sunan yaron da ƙarfi, ta zo ta rungume ni kamar mun shekara da sabo.

"Ke ce uwarsa! Ni ce Perpetua, ni ce mai gidan. Kai, ga goshin nan, iri ɗaya!"

"Yana ciki?"

Murmushinta ya ragu.

"Ciki? Ai ya kusa shekara biyu da tashi."

Ban yi mamaki ba. Zan gaya muku dalili a gaba.

"Ya koma kusa da asibiti?" Na tambaya, don dai in ji ta bakinta.

Ta kalli Malachy, Malachy ya kalli mangwaro.

"Zauna, 'yar uwa."

"Na gode, a tsaye ma ina ji."

"Yana garin masunta, can arewa a bakin ruwa. Duk wanda injin jirginsa ya lalace wurinsa yake zuwa. Yaron kirki ne, kowa na sonsa." Ta ɗauki tsintsiyarta. "Lokacin da ya bar makaranta, kwana tara ya yi a ɗakin can bai fito ba. Ni nake tura masa romon kifi. Na ce masa, yaro, kira uwarka."

"Ya ce me?"

"Ya ce ya kira."

Na riƙe ƙarfen ƙofar. Na shiga laluben kaina, yaushe? Wace rana? Ban tuna komai ba.

Tafiyar kusan awa guda ce. Titin siriri, yana nannaɗe da dutse, teku a hagu tana bin mu. Ayaba, gwanda, rogo, awaki a ɗaure a bakin hanya, mata da tire suna sayar da mangwaro. Wani wuri sai in rantse hanyar kudu ce, lokacin da muke bin motar dare zuwa Ikko. Malachy ya tsaya ya tsinko min wani ɗan itace ya fasa, ya ce in shinshina. Gyaɗar ƙamshi ce, ɗanya. Ban taɓa sanin a bishiya take fitowa ba.

"Mama, kada ki yi masa faɗa da yawa," ya ce yana kallona ta madubi.

"Ni ban taɓa yi masa faɗa ba."

Gaskiya na faɗa. Sai da maganar ta fita na ji nauyinta.

Ana gab da la'asar muka isa. Warin kifi da gishiri, jirage masu fenti ja da shuɗi a jere a kan yashi. Malachy ya nuna min wata rumfar kwano, ya ce zai jira a mota.

Na hango shi kafin ya hango ni.

Ya yi baƙi, ya yi faɗi, ya tara gemu. Ya durƙusa a gaban wani inji da aka ɗora a kan katako, ya karkata kai yana sauraronsa. Wannan karkata kan na san shi. Haka Alhaji yake yi tun yana bakanike a Ƙofar Ruwa, haka yake yi har yau a filin motocinsa.

Na yi sallama.

Sifanar hannunsa ta faɗi a yashi.

"Mama?"

Ya miƙe, ya sake durƙusawa, ya rasa wanda zai yi. Ya ɓoye hannayensa a baya kamar ɗan shekara goma.

"Mama, how... sannu da zuwa. Waye ya kawo ki? Abba yana nan?"

"Ni kaɗai ce."

Ya jawo wani benci ya goge da gefen rigarsa. Na zauna ina kallon teku. Shi ma ya tsuguna yana kallon ƙasa.

"An kawo kaftani," na ce. "A gwada, ko zai yi daidai."

"Mama."

"An yi dambu ma, sun karɓe a filin jirgi."

"Mama, please. Kin gani ai. Ba sai na faɗa ba."

"Na gani tun azumi."

Ya ɗago.

"Ranar da aka kira Salwa ta bidiyo, ina bayanta ina yanka albasa. Aka ɗaga hannu ana gyara waya. Na ga farcen. Shekara talatin ina wanke wa mai irin wannan farcen kaya, ba zan kasa gane baƙin mai ba."

"Tun azumi?"

"Tun azumi."

"Kin gani, and you said nothing? Ba ki tambaye ni ba?"

"Ta yaya zan tambaya?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya zauna daɓas a yashi.

"Sau biyu na faɗi babbar jarrabawar, Mama. Sau biyu. Ba na barci, ba na cin abinci. In na shiga ɗakin gawa hannuna rawa yake. Da 'yan ajinmu suka koma Amurka asibitoci, na ce muku ni an riƙe ni a nan. Ƙarya ce. Ranar da na sa hannu na bar makaranta, ban kira Abba ba. Na san Abba. Mutumin da ya buge min hannu don na ɗauki sifana, ya ce wannan hannun na allura ne. Ke na kira."

"Ni?"

"Ke. Ranar Talata. Kika ɗauka, na ce, Mama, ina son magana. Kin tuna abin da kika ce?"

Na tuna. Wallahi a lokacin na tuna, har da tukunyar da ke kan wuta.

"Kika ce, to, ga Salwa."

Haka nake yi kullum. Idan ya kira, in amsa sallama, in ce ana lafiya, in miƙa wa ƙanwarsa. Sai in koma gefe in kasa kunne, ina jin muryarsa ina jin daɗi, ba wanda ya sani.

"Na ɗauka gaisuwa ce," na ce.

"I know." Ya share fuska da bayan hannu, mai ya shafe masa kumatu. "Mama, zan tambaye ki wani abu, kada ki ji haushi. Me na yi miki?"

"Kamar yaya?"

"Tun ina ƙarami nake son in sani. Ranar da muka gama high school, kowace uwa tana ihu tana kiran sunan ɗanta. Na duba, kina zaune kina kallon takalminki. Salwa kina rungume ta, kina mata kitso, kina zaginta ma. Ni ko zagi ban samu ba. Ko mutane Maman Salwa suke ce miki, kamar ba ni kika fara haifa ba. Akwai lokacin da na ɗauko birth certificate ɗina na duba, ko ba ke ce kika haife ni ba."

Jama'a, an taɓa faɗa muku magana kuka ji kamar an zare muku ƙashin baya? Na yi kuka a rayuwata, na binne uwa na binne uba daga nesa, amma ban taɓa jin abin da na ji a kan bencin nan ba.

"Ba a faɗa maka ba?" na ce. "Ba wanda ya taɓa faɗa maka?"

"Salwa ta ce culture ne. Shi ke nan. Culture."

Na juyo na dube shi sosai. Ina jin tun yana cikin zanin goyo rabon da in dube shi haka.

"Innata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari, Yaya Ma'aruf, ba har ta koma ga Allah. Kuma duk gidanmu an san ba ta da kamarsa. Idan ya yi tafiya ba ta cin abinci. A wurinmu, wanda aka fi so shi ake ɓoyewa."

"To shi ya aka yi ya sani?"

Tambayar matar filin jirgi ce ta dawo min.

A nan na gane abin da ban gane ba shekara ashirin da bakwai. Yaya Ma'aruf ya sani ne don gidanmu cike yake da mutane. Kakarmu ita ta goye shi, a ɗakinta yake kwana, ita take masa kirari tana kiransa mijinta. Gwaggo tana nan, Inna ƙarama tana nan. Idan ya yi kuka akwai cinya goma. Su ne suke ce masa, kai, uwarka ba ta runtsa ba jiya saboda zazzaɓinka. Uwa ta yi kunya, gida ya yi magana a madadinta.

Ni kuwa na ɗauko kunyar na sa a akwati na kawo ta Greensboro, na baro kakar da gwaggon a Kano. A ɗaki biyu da falo, daga ni sai mahaifinsa da ke fita tun asuba. Na yi shiru, kuma babu wanda ya yi magana a madadina.

Haka na faɗa masa, da Hausar da zai gane, ina yi ina share hawaye da bakin mayafi.

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

"Aikin nan," na ce, "ana jin daɗinsa?"

"Mama, in na gyara inji, mutum ya fita ya dawo da kifi, yaransa su ci. Ina barci yanzu. Ina sallah a kan lokaci." Ya ja hanci. "Amma ban san yadda zan kalli Abba ba. Salwa ta turo min hoton katin. Na yi niyyar in kashe waya ranar walimar, in ɓace kawai."

"A ɓace a bar ni da wa?"

Kafin ya amsa, wayata ta ɗauki ƙara a jaka.

Alhaji Sanda. Kiran bidiyo.

Yaron yana ganin sunan ya miƙe zumbur. Ya ɗauki wani tsumma ya fara ja da baya, yana goge hannu da ƙarfi kamar zai saɓule fatar.

"Kada ki ɗauka. Mama, please. Ki ce ba ki same ni ba. Ki ce ina asibiti."

Na ɗauka.

Fuskar Alhaji ta cika wayar, hularsa a karkace, yana ta fara'a. A bayansa ga motoci a jere, ga mutum uku ko huɗu a kan kujerun roba, abokansa na masallaci.

"Hajiya! Tun ɗazu nake nema. Kin sauka lafiya? Ya ƙasar tasu?"

"Lafiya lau, Alhaji. Ƙasa mai kyau."

"Madalla. To ina Dakta? Ga su Alhaji Tassiou nan duk suna son su gaisa da shi. Ba shi wayar."

Na ɗaga kai. Yaron ya kai bakin rumfa, ya juya baya, ya nufi wajen jirage da sauri. Na san idan ya shige tsakaninsu ba zan sake ganinsa yau ba, wataƙila ba yau kaɗai ba.

In ce "kai"? Masunta sun fi ashirin a wurin. In ce "wancan"? Salwa ba ta nan da zan aika.

Na miƙe tsaye.

"YAHYA!"

Ya tsaya cak.

Ni kaina ban gane muryata ba. Har masu jan raga sai da suka waiwayo.

Ya juyo a hankali, bakinsa a buɗe, tsumman yana lilo a hannunsa.

"Yahya, zo nan. Ajiye tsumman. Kada ka goge hannun."

A cikin wayar hayaniyar ta ɗauke ɗif. Alhaji ya matso da fuskarsa, fara'ar ta tafi. Shekara talatin muna tare, ya san abin da bakina bai taɓa yi ba.

"Aishatu," ya ce a hankali. "Sunan wa na ji kin kira? Me ya faru da yaron?"

Yahya ya iso gabana. Na kama hannunsa na dama, baƙi ƙirin da mai, na riƙe shi gam a cikin nawa.

"Alhaji, ka tashi daga cikin mutane," na ce. "Akwai abin da zan nuna maka."

Na juya wayar.